Babu tebur a cikin “comfortable”: sharhi kan kalmar da ido ya koya mana, kunne bai ji ba

Ɗiyar yayata tana aikin jinya a wani asibiti a nan Bauchi. Watannin nan ta ɗora wa kanta shirin jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS, don tana son gwada sa'arta a Ingila kamar yadda wasu ƙawayenta suka yi. Ranar wata Asabar bayan la'asar ta zo gidanmu a Yelwa, ko ruwa ba ta sha ba ta miƙo mini waya, ranta a ɓace.

“Kawu, don Allah saurari wannan abu. Sau nawa ina faɗa masa kalma ɗaya, yana rubuta mini wata daban.”

Manhajar nan ce da kake magana tana mayar da maganarka rubutu. Jimlar da take gwadawa kuwa ita ce wadda take yi wa majinyata kullum idan ta gyara musu matashi: “Are you comfortable?” Ta sake faɗa a gabana, da ƙarfi, tana rarrabe gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya: kam-fo-TEE-bul. Wayar ta yi jim, sannan ta rubuta mata “come for table”.

Na yi dariya har ta fara tsuke fuska, sai na gaya mata gaskiya. Ni da na yi shekaru ina koyar da Turanci a sakandare, haka na daɗe ina faɗin kalmar. Haka malamina ya faɗa, haka mai sayar da kujerun kushin a wajejen Wunti yake faɗa idan yana son ka ƙara kuɗi. Ita tana zaton matsalarta “f” ce, irin wadda ake tsokanar Bahaushe da ita. “F” ɗin tana da nata aibin, zan zo kanta, amma ba ita ta ruɗa wayar ba. Abin da ya ruɗa ta shi ne inda yarinyar ta ɗora nauyin muryarta.

Kowace kalmar Turanci mai gaɓa fiye da ɗaya tana da gaɓar da ake dannawa. Ita ake ɗaga wa murya, a ɗan ja ta, a fito da wasalinta sarai. Sauran gaɓoɓin sai su koma 'yan rakiya, wasulansu su dusashe su zama wani ɗan guntun sauti mai kama da “a” ta mai jin barci. Wannan ɗan sautin shi ne wasalin da ya fi kowane yawa a bakin Bature. A kalmarmu nauyin yana kan gaɓar farko, KAM. Da ka wuce ta, saura gangara ce. Shi ya sa mafi yawan Turawan Ingila suke furta ta da gaɓa 3: KAMF-ta-bul. Wasalin da ke tsakiya ya dusashe har ya ɓace. Wasu suna barin sa su yi gaɓa 4, KAM-fa-ta-bul, kuma manyan ƙamusoshi sun yarda da duka biyun. Ba'amurke kuwa yakan ce KAMF-tar-bul, wato ya ɗauko “r” daga wurinta ya tsallakar da ita bayan “t”. Lafazi uku ke nan, kowanne daidai ne, kuma abu ɗaya ya haɗa su: duka a farko suke danna kalmar, babu wanda yake jan “tee”.

To, daga ina muka samo namu? Daga allo. Yaro ya shiga firamare, cikin kalmomin farko da ya haddace akwai “table”. Da ya girma ya ga haruffa 11 a jere, biyar na ƙarshe kuma sak na tebur ne, sai ya karanta abin da ya sani. Ba wauta ya yi ba, hankali ya yi amfani da shi. Tsarin rubutun ne ya ci amanarsa. A “table” da “cable” da “stable” da “unable”, wannan yanki yana cikin saiwar kalma, shi ya sa ake jan sa. A “comfortable” kuwa ɗafa-ƙeya ne kawai, “-able”, wanda ake liƙa wa kalma don a mayar da ita sifa, kuma ba ya ɗaukar nauyi. Haka yake a “available” da “reasonable” da “valuable” da “capable”. Haka ma “vegetable”, wadda ita ma muka kafa mata tebur, alhali masu harshen VEJ-ta-bul suke cewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan al'amari shi ne kakanninmu da ba su taɓa riƙe alli ba sun fi mu jin Turanci. Dubi kalmomin da sojoji da direbobi da kuku-kuku na gidajen Turawa suka shigo da su Hausa. Muƙamin da ake rubutawa “colonel”, da “l” da “o” a tsakiya, Bature “kaanal” yake cewa, sai sojanmu ya ce Kanar. Ana rubuta “lieutenant” babu “f” ko ɗaya, amma Turawan Ingila “leftenan” suke faɗi, mu kuma muka ce Laftanar, da “f” ɗinta, wadda ba a takarda aka same ta ba. Ana rubuta “sergeant” da “e”, ana furta ta da “a”, muka ce Sajan. Ana rubuta “cupboard” da “p” da ba a jin ta, muka ce kabad. Da a ce ɗan makarantar yau ne aka ba shi waɗannan kalmomi a rubuce ya shigo da su, da “kolonel” da “kopbod” muke fama. Har nauyin kalma sun ji, suka mayar da shi karin sautin Hausa: gaɓar da Bature ya danna suka ɗaga ta sama, ta bayanta suka sauke ta ƙasa. Faɗi tebur, fensir, mota, soja, lauya, ka saurari muryarka. Farko sama, ƙarshe ƙasa. Su da kunne suka ara, mu da ido muke ara.

Shi kuma rubutun Turanci me ya sa ya zama mayaudari haka? Tarihi ne ya tara masa kaya. Kalmarmu ba haifaffiyar Ingila ba ce. Asalinta Latin ne, daga “con” da “fortis”, ma'ana ƙarfi, don haka tun farko nufinta a ƙarfafa wa mutum gwiwa. Ta bi ta Faransanci ta shiga Ingila bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da kotu. Har gobe Bafaranshe “confort” yake rubutawa, da “n”. Turanci ya mayar da ita “m” saboda sautin da ke biye da leɓe ake yin sa. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna rubuta “gidan Bala” amma “gidam Bala” muke faɗi, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin tajwidi ya san iƙlabi, inda nunun take komawa mimun a gaban ba. Sannan a 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster, rubutu ya fara daskarewa a takarda, baki kuwa bai tsaya ba. Tsakanin wajajen 1400 da 1700 dogayen wasulan Turanci suka sauya wuri kusan gaba ɗaya. Daga baya mutanen kudancin Ingila suka daina furta “r” idan ba wasali ne ke bin ta ba, mafi yawan Amurkawa kuma suka riƙe tasu. Sakamakon shi ne harshe mai haruffa 26 da sautuka kusan 44, wasulansa wajen 20 a lafazin Ingila, duka ana cusa su cikin haruffan wasali 5. Hausa tana da wasula 5, kowanne da dogo da gajere, sai tagwaye biyu, “ai” da “au”. Wanda ya taso da rubutun boko, inda “a” take “a” ko ina ka gan ta, dole ya ɗauka kowane rubutu haka yake da gaskiya.

Ko da yake, in za mu yi adalci, namu rubutun ma yana ɓoye abubuwa. Rubuta “gari”. Na tuwo ne, ko wanda ake zama a ciki? Rubuta “kuka”. Na miya ne, ko na hawaye? “Wuya” fa, wanda ake rataya sarƙa, ko wadda ake sha? Boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti, amma ba ka taɓa jin Bahaushe ya rikice ba, domin ya ji kalmar kafin ya gan ta. Baƙon da ya koyi Hausa daga littafi shi ne zai ce maka zai sayo garin masara ya ja wasalin inda bai kamata ba. Abin da muke yi wa “comfortable” ke nan, mu ne baƙin.

Yanzu mu bi kalmar gaɓa-gaɓa, kamar yadda muka yi da ɗiyata a kan tabarma.

Gaɓar farko kyauta ce Allah ya ba Bahaushe. Harafin “o” da ke wurin ba “o” ake furtawa ba, sauti ne mai matuƙar kusa da gajeriyar “a” tamu, irin ta “come” da “love” da “money” da “London” da “company”. Yawancin 'yan'uwanmu na Kudu “kom” suke cewa, mu kuwa “kam” ta fi zo mana a baki, kuma ita ce ta fi kusa da ta masu harshen. Na ce mata, “Ce kamfani.” Ta ce. Na ce, “To kin riga kin furta rabin kalmar, kuma da muryarki sama a inda ya dace.” Abin takaici, na sha ganin yaranmu da suka je karatu ko bautar ƙasa Kudu sun dawo sun watsar da “kam” sun ɗauki “kom”, wai su sun waye.

Sai “f”. Hausa ba ta raba “f” da “p” ba, sauti ɗaya ne a wurinmu, kuma da leɓɓa biyu muke yin sa. Wani ya hura, wani ya rufe leɓɓan ya fasa, a Sakkwato da Katsina ma wani ya kai shi kusa da “h”, ma'ana ba ta sauya ba. Shi ya sa “pump” ta zama famfo, “paint” ta zama fenti, “passenger” ta zama fasinja. Turanci kuwa ya raba su, kuma rabon yana ɗauke da ma'ana: “fan” daban, “pan” daban, “full” daban, “pull” daban. “F” ta Bature haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, iska ta bi ta tsakani. A kalmarmu tarkon ya fi muni, domin “m” ta riga ta rufe maka leɓɓa, da ka buɗe sai “p” ta faɗo. Dabarar ita ce kada ka rufe leɓɓan tun farko. Tun kana kan “m” ɗin ka ɗora haƙoranka a leɓen ƙasa, haka masu harshen da yawa suke yi ba tare da sun lura ba. Madubi ya isa malami a nan: in ba ka ga haƙoranka na sama ba, ba “f” ka yi ba. Maƙwabtanmu Fulani, na nan da na Gombe, wanda ya tashi da Fulfulde a bakinsa bai cika shan wannan wahala ba, don harshensa ya raba sautukan biyu. Mutum ɗaya Pullo, jama'a Fulɓe.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsakiya. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Baƙaƙe biyu suna iya haɗuwa a tsakiyar kalma, muna da “mf” a kumfa, muna da “ft” a kaftani. Amma uku a jere, “mft”, babu su a harshenmu. Duk inda muka gamu da irin wannan cunkoso, wasali muke sakawa a tsakani ya raba faɗa. Haka “bread” ta zama burodi, “brake” ta zama burki, “screwdriver” ta miƙe ta zama sukurudireba. Don haka ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya fara da gaɓa 3 ba. Ya fara da mai 4, KAM-fa-ta-bul, ya tabbata “fa” da “ta” gajeru ne ƙwarai, kamar yana sauri ya wuce su. Wannan kaɗai lafazi ne karɓaɓɓe a ko ina. In bakinsa ya saba, ya ƙara sauri, “fa” ɗin za ta faɗi da kanta ba sai an ture ta ba. Mu ma ai muna haɗiye wasali in magana ta yi zafi: duka ta zama duk, mini ta zama min, masa ta zama mas. Bature ya yi irin wannan ne a “chocolate” da “different” da “interesting”, sai dai shi bai gyara rubutunsa ba.

Gaɓar ƙarshe ba ta da wani dogon zance. “Bul” ce gajeriya, murya ƙasa, kada a ja ta. In an ƙara “un-” a gaba ko “-ly” a baya, nauyin yana nan kan KAM bai gusa ba.

Akwai tambayar da ɗalibai suke yi mini, kuma tana da ƙarfi: Malam, in kowa a Najeriya “kamfotebul” yake cewa kuma ana gane shi, ina laifin? Amsata ita ce a kasuwar Muda Lawal babu laifi ko kaɗan. Turancin Najeriya ya zama abin kansa, yana da karinsa, kuma wanda ya je sayen katifa yana maƙale murya kamar mai karanta labarai a Landan, kuɗi kawai za a ƙara masa. Ni kaina ba na son kwaikwayon nan na magana ta hanci da wasu matasa suke yi a rediyo, su cusa “r” a inda ko Ba'amurke bai sa ba. Amma ɗiyata ba katifa za ta saya ba. Za ta tsaya a kan wata tsohuwa mai ciwo, mai nauyin ji, wadda ba ta taɓa jin karin Najeriya ba. Kunnen mai Turanci da nauyin kalma yake gane kalma. Ka ɓata masa wasali ɗaya, zai iya cike gurbin. Ka ɗauke nauyin daga farko ka kai na uku, sai ya ji kalmomi uku maimakon ɗaya, daidai yadda wayar ta ji. Masu IELTS ma ba su ce sai ka yi magana kamar ɗan Ingila ba. A hirar da ake yi ta minti 11 zuwa 14, lafazi ɗaya ne cikin abubuwa 4 da ake aunawa, kuma abin da ake nema shi ne a fahimce ka ba tare da wahala ba.

Mu mutanen Bauchi muna da misali a gida. Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa yake nan cikin gari, malamin makaranta ne kafin siyasa. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan ya tafi Landan ƙaro karatun koyarwa a 1945. Ana yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Nemi jawabinsa na Majalisar Ɗinkin Duniya na Oktoban 1960 a YouTube ka saurara. Ba ya gaggawa, ba ya maƙale murya, kana ji ka san ɗan Arewa ne. Amma kowace kalma nauyinta yana inda ya kamata. 'Yan makarantar zamaninsa kaɗan ne, kuma daga bakin masu harshen suka ɗauka kai tsaye. Da makarantu suka yawaita, musamman bayan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976, aka buƙaci malamai dubbai cikin gaggawa, sai sarƙar ji daga baki ta tsinke. Malami ya koya daga littafi, ya koyar da wanda zai zama malami, kuskuren ya zama gado.

Jarrabawa ma ba ta taimaka ba. WAEC tana da takarda ta musamman kan lafazi, tambayoyi 60, amma da fensir ake amsa su. Yaro zai zauna shiru ya zaɓi gaɓar da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ya ci, ya fita bai buɗe baki ba. Na koyar da yaran da za su nuna maka daidai inda nauyin “comfortable” yake a takarda, su juyo su ce maka kujerar ajin ba ta da kamfotebul. A makarantar allo ba wanda zai yarda da irin wannan. Sai ka biya a gaban malam, ya ji da kunnensa, ya gyara maka, kafin ka wanke. Aji mai yara tamanin ko ɗari ba ya ba malamin Turanci wannan dama, sai ya koma ga abin da za a iya yi da alli.

Abin da ya sauya yanzu shi ne muryar masu harshen tana cikin aljihun kowa. Ƙamusoshin intanet irin na Cambridge da Oxford suna da ɗan hoton lasifika kusa da kowace kalma, ɗaya na Ingila, ɗaya na Amurka. Akwai kuma wata 'yar alama kamar ɗigon waƙafi a sama, wadda ake sakawa gaban gaɓar da ake dannawa. Wanda ya koyi karanta wannan alama ɗaya tak ya rage rabin wahalarsa, ko bai san sauran alamomin lafazi ba. Shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su juya tsarin da aka koya musu: sabuwar kalma, a fara jin ta sau uku ido a rufe, a maimaita, sannan a duba yadda ake rubuta ta. Kuma kada a haddace ta ita kaɗai, a sa ta cikin jimlar da za a yi amfani da ita, domin a cikin jimla ne gaɓoɓi marasa nauyi suke dusashewa.

Haka muka yi ranar. Na sa ta tafa hannu sau ɗaya a kan KAM, sauran ta bar su su zubo. Ta yi ta yi, “p” tana kutsowa, tana komawa. Matata tana daga kicin tana jin mu, ta leƙo ta ce, “Wai ku kamfanin me kuke ta kira tun ɗazu?” Can wajen gwaji na ashirin wayar ta rubuta kalmar daidai, haruffa 11 cif. Yarinyar ta yi tsalle kamar an ce ta ci jarrabawar. Tana saka takalmi za ta tafi, ta juyo ta ce, “Kawu, to ‘determined’ fa? Mu a wurin aiki ‘ditaMAIND’ muke cewa.” Na ce mata di-TAA-mind ce, nauyin a tsakiya, babu “mine” a ciki kamar yadda babu tebur a waccan. Ta ajiye jakarta ta koma kan tabarma.